Saniyar da Ke Bayan Gingimari

Duk direban da ya taɓa kai wa Bappa mota wanki a Birnin Kudu ya san abu ɗaya: in kana sauri, kada ma ka je. Ni Musbahu na fi kowa sanin haka, don shekara goma sha uku ke nan ina tuƙa gingimarin gidan Alhaji Hadi, wata tsohuwar mota mai bodin katako da ke ɗaukar shanu daga kasuwar Gwaram, kuma ba mai wanke ta sai shi.

Wurinsa yana gefen titin Kano, kafin ka hau gada, ƙarƙashin wasu bishiyoyin darbejiya. Bokiti uku gare shi, da tsani, da buroshi mai doguwar sanda, da tarin tsummokara. Kana tsayawa zai ɗora bayan hannunsa a jikin motar ya ce, "Da zafi. Je ka sha shayi." In ka ce kana da lodi a Kano, sai ya ce ai Kano ba gudu za ta yi ba. Ba ya zuba wa mota ruwa tana huci, wai daidai yake da ka koro saniya daga kiwo ka tura ta rafi tana haki. Komai nasa sai ya kai shi ga saniya. Ko tirela ce, sai ka ji yana shafa ta yana cewa, "Yi haƙuri, saura ƙafar baya." Mun sha yi masa tsiya cewa wata rana zai zo da ƙwarya ya ce zai tatsi tankar mai. Dariya kawai yake yi, ya ci gaba da aikinsa.

Tamu motar kuwa rabin yini take ci a hannunsa. Zai fara share kashin shanu ya tara gefe, don takin na mai wanki ne, gonarsa ta Kiyako yake kaiwa. Sannan ya wanke ciki, ya wanke kan motar, ya goge gilashi, ya bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya. In ya gama duk wannan sai ya wanke hannunsa da sabulu kamar mai shirin cin tuwo, ya zaga ƙyauren baya. A nan aka zana wata farar saniya a kan koren fenti, ƙahonta na hagu ya lanƙwaso ƙasa. Wannan wurin buroshi bai taɓa hawansa ba, garin sabulu ma haka. Ruwa zalla da tsumma mai laushi, sannan ya buɗe wani gwangwani na kakin zuma da yake narkawa da man kaɗe, ya lakata da yatsa, ya bi jikin saniyar tun daga hanci har wutsiya. Ita kaɗai yake shafa wa, koren da ke kewaye da ita ko oho.

Sunanta Goggo, kuma ba saniyar hoto ba ce kawai. Bappa mutumin Basirka ne, a cikin garke ya tashi. Ciwon huhu ya shiga shanun mahaifinsa shekara biyu a jere, abin da ya rage aka yi ta sayarwa ana cin abinci, har ya zama saura ita. Ita ce babba a garken, shi ya sa suke ce mata Goggo, kuma nononta ya sha lokacin da mahaifiyarsa ta kwanta ciwo yana yaro. Ranar da aka kai ta kasuwar Gwaram, Bappa yana da mata da 'ya ɗaya mai suna Murja, amma da aka tura Goggo cikin sabuwar motar Alhaji Hadi, sai ya haye bayanta ya ƙi sauka. A tsaye ya zo har Birnin Kudu, hannunsa a kan tozonta. A nan aka sauya mata mota zuwa kudu. Shi kuma ya tsaya cikin bodin da ba kowa, bai san inda zai nufa ba, sai ya ari tsintsiya ya fara share kashin. Daga wannan sharar bai sake komawa kiwo ba.

Bayan wata biyu Alhaji ya kira mai zane, yana son a yi masa zaki a ƙyauren baya kamar na sauran motoci. Bappa ya tsuguna gabansa ya ce, "Alhaji, motar shanu da zaki? Ai sai su ƙi hawa." Alhaji ya yi dariya ya ce to a zana abin da yake so. Kwana biyu Bappa yana zaune kusa da mai zanen, yana cewa tozon bai kai ba, idon ya yi ƙanƙanta, ƙahon ba haka ya karkata ba, har mutumin ya rantse ba zai sake zana saniya ba a rayuwarsa. Bai sake ba kuwa, don ya daɗe da rasuwa. Alhaji Hadi ma ya rasu, motar ta koma hannun ɗansa Jafaru. Bappa ba shi da hoton Goggo ko guda. Abin da ya rage masa na garken gidansu duka shi ne wannan zanen, kuma fiye da shekara ashirin da biyar yana kiwonsa.

Ni ne na ɓata shi. Zan faɗa yadda ya faru, ba zan ɗora wa kowa ba.

Bara da kaka, na dawo daga kai shanu, ina Gwaram, Jafaru ya kira ni ya ce an samu lodin riɗi, amma mai kayan ya ce ba za a zuba masa buhuna a motar da ke warin fitsarin shanu ba, kuma kafin la'asar yake son a fara lodi. In na je Birnin Kudu na dawo, ga rabin yinin Bappa, lodin ya tafi. A bakin gari kuwa an buɗe sabon wurin wanki mai injin feshi, irin wanda ruwansa ke fita da ƙarfi kamar zai huda dutse. Na shiga da motar na ce wa mai wurin, "Ciki da waje, a yi maza." Na tafi na yi azahar, na tsaya cin shinkafa da wake. Wallahi ko sau ɗaya Goggo ba ta faɗo mini a rai ba.

Da na dawo, ƙasan motar duk ɓawon fenti ne, kore da fari, suna bin ruwa zuwa kwata. Mutumin ba shi da laifi, motocin ƙarfe ya saba wankewa, bai san tsohon fenti a kan katako ba ya jure wannan ruwan ba. Har murna yake yi ya fitar mini da datti. Na zaga baya na duba. Katako ne tsirara, fari-fari, sai ɗan guntun kofato a can ƙasa.

Mako uku ina gudun Bappa. In na zo daidai darbejiyoyin nan sai na taka mota, na kau da kai kamar ina duba madubin ɗaya gefen. Dubi wauta irin tawa. Mota in ta wuce mutum, ai bayanta yake gani. Tun ranar farko ya gani.

Inna Hawwa, matarsa, ita ta tare ni a tasha, inda take sayar da fura. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta ce, "Musbahu, baban Murja ya ce ka kai masa motar."

"Inna, da wane ido zan kalle shi?"

"Da wanda kake kallon titi. Mutum ya daina cin abincin kirki, kai kana ta wasan ɓuya. Ka kai masa."

Washegari da hantsi na kai. Na sauko ina ta haɗa maganar da zan yi, amma bai ba ni dama ba. Ya ɗora bayan hannunsa a jikin motar ya ce, "Da zafi." Ban je shan shayi ba ranar, na zauna a kan wata tsohuwar taya ina kallonsa. Ya share ciki, ya wanke kai, ya goge gilashi, ya bi tayoyi, komai yadda ya saba, sai dai bai yi wa motar magana ba ko sau ɗaya. Wannan shirun ya fi mini zagi ciwo. Da ya gama ya wanke hannunsa da sabulu, ya ɗauki bokiti ya zaga baya. Na bi shi.

Ya daɗe a tsaye gaban katakon. Na ce, "Bappa, ka yafe mini. Ni na kai ta, ni na manta."

"Na sani," in ji shi. "Riɗi ne. An faɗa mini."

"Jafaru ya ce a nemo mai zane a Kano, a sake yin wata."

"Wa zai gaya masa yadda take? Ni kaina yanzu in na rufe ido, zanen nake gani, ba ita ba."

Sai ya ɗaga bokitin ya watsa wa ƙyauren ruwa, don ko babu komai a kai, wankinsa bai cika ba sai da shi. Busasshen katakon ya sha ruwan nan take, ya yi duhu. Amma ba duka ba. A tsakiya ruwan ya ƙi zama, ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarowa, wurin ya tsaya da haskensa. Kakin da ya yi shekaru yana shafawa ya bi tsagogin tsohon fentin ya shige cikin katakon, iya jikinta kawai, inda yatsansa yake bi. Ga tozo, ga wutsiya, ga ƙafafu huɗu. Ga ƙahon hagu ya lanƙwaso ƙasa.

Bappa ya ajiye bokitin a hankali. Ya kai hannu ya dafa tozon, ya ce, "Ashe kina nan." Ni dai na juya baya, don hawaye ne suka zubo mini, kuma ga direbobi a wurin.

Muna tsaye rana ta fara busar da katakon, duhun yana ja da baya, tana ɓacewa kaɗan-kaɗan har ƙyauren ya koma fari gaba ɗaya. Ya ce, "Ka gaya wa Jafaru kada a shafa wa wurin nan fenti. In aka rufe, shi ke nan."

Jafaru ya yarda. Har yau gingimarinmu ce kaɗai ke yawo tsakanin Gwaram da Kano da ƙyauren baya tsirara, mutane suna tambaya ko fenti ne ya gagare mu. Ba na ba su amsa. Ranar wanki kuwa na daina ce wa Bappa ina sauri. In ya shafa kakinsa a inda ba mai ganin komai sai shi, ya watsa ruwa, ta fito, ta fara bushewa, ni nake zuwa in ɗebo masa wani bokitin.