Milimita Uku Saboda Wuƙa

A wata ƙaramar maɗaba'a a birnin Plovdiv, tsoho Stoimen yana tsaye da hularsa a hannu, yana kallon matar da ke gaban kwamfuta. Bai san sunanta ba. Siririya ce mai furfura, ta soke fensir a gashinta, kuma tsohon tabon yanka a babban yatsanta ya nuna ta daɗe da sanin injin yanka takarda.

Sanarwar cika kwana arba'in da rasuwar matarsa ya kawo, irin wadda ake liƙawa a ƙofar gida da jikin bishiyoyi. Jikarsa ce ta tsara ta, ta kai sunan marigayiyar har bakin takarda.

"Kaka, wa ya yi maka wannan ɓarnar?" in ji matar, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Wuƙar yanka takarda ba ta san karatu ba. Rabin sunan za ta cinye."

Tana jan baƙin layin da ya zagaye zanen har ya zarce inda za a yanke takardar da milimita uku, don ko wuƙa ta goce kada fari ya leƙo. Sunan marigayiyar kuwa, Nevena, tana janyo shi ciki a hankali, kamar mai janye tsohuwa daga bakin titi. Stoimen ya raya a ransa cewa ita ma ta taɓa buga irin wannan takarda saboda wani nata.

"'Yata, ai kwana kaɗan ruwan sama zai wanke ta," in ji shi.

"Ruwa ya yi abin da ya ga dama," ta ce. "Amma daga hannuna, da cikakken sunanta za ta fita."