Obadiya Mai Fasa Dutse

Daga Allah muke, kuma wurinSa kowa zai koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Afrilu na 1961, da hantsi, mutanen Bauchi suka ji wata ƙara da ta girgiza ƙasa. Tuluna suka fashe a kan randa, jakuna suka tsinke igiya, mata suka fito da gudu suna kiran sunayen 'ya'yansu. Wannan ƙarar ita ce rasuwar abokina Obadiya, mai fasa dutse da nakiya.

Obadiya, ni ne Abdulsalami duba-gari. Na zauna in rubuta maka.

A 1953 na fara saninka. Lokacin kurkunu ya addabi ƙauyukan da ke kewaye da gari, domin daga kududdufi ake sha. Mukan sa a haƙa rijiya, a yi nisa, sai a tarar da dutse shimfiɗe a ƙasa, diga ta lanƙwashe, masu haƙa su haura su tafi. Aka ce mini akwai wani mutumin Bogoro da ya baro haƙar kuza a Jos, shi ke iya wa irin wannan dutsen. Na same ka a unguwar Bayan Gari kana wa 'yarka Dorcas aski. Da ka miƙo mini hannu sai na ga yatsu uku ne kawai.

Ba ka ɓoye mini labarin ba. A ramin kuza ne lagwani ya ci da sauri, wuta ta isa nakiya kafin ku haura. Kai yatsu biyu ka rasa da jin kunne guda. Ƙanenka Habila yana bayanka a kan tsani, shi ya tare maka dutsen. Da hannunka mai jini ka tsince shi, ka zuba a buhu, ka kai wa mahaifiyarku. Na tambaye ka me ya sa ba ka bar sana'ar ba. Ka ce, "Malam, in na bari wani zai ɗauka, wanda bai taɓa tsintar ƙanensa ba. Gara ni da nake jin tsoronta."

Daga bakinka na koyi mece ce nakiya. Ka ce kakanka yakan haɗa albarushi daga gawayi da farar wuta da wani gishiri da yake tacewa daga ƙasar tsohon turken awaki. Ita kuwa nakiya wani mai ne mai saurin fushi, aka jiƙa shi a cikin garin katako don ya kwanta, aka naɗe a takarda. Da na gaya maka cewa a makarantar tsafta an koya mana likita yakan ba mai ciwon ƙirji ɗan mitsitsin wannan man a ƙarƙashin harshe, sai da ka yi dariya har da hawaye. Ka ce ashe abin da ke tsaga dutse yana iya lallashin zuciya. Tun daga nan, in ka ga ashana ko kananzir ko sabulu sai ka tambaye ni da me aka haɗa su, in na sani in faɗa, in ban sani ba mu tafi tare mu tambayi malamin asibiti.

Ba kowa ne ya karɓe ka da hannu biyu ba. A ƙauyen Tirwun, da ka tashi nakiyar farko, garken Hammawa makiyayi ya firgita, wata saniya mai ciki ta faɗa kwazazzabo ta karye. Kana haurowa daga ramin, ƙura duk ta rufe maka ido, ya sauke maka sanda a tsakiyar kai. Na ji ƙarar kamar an fasa ƙwarya. Jini ya wanke maka fuska, ka durƙusa, ya ƙara maka a kafaɗa kafin a riƙe shi. Na ce sai mun kai shi gaban alƙali. Ka ce a'a, mutum ya yi asarar saniya, kuma kai ne ba ka aika an kawar da shanu ba. Da ɗinki a kanka ka koma cikin ramin. Ranar da ruwa ya ɓullo, Hammawa ya tsaya nesa yana kallo. Amma tun daga wannan shekarar duk ranar da matarsa ta shigo gari da nono sai ta tsaya a ƙofar gidanka ta zuba maka.

Ba zan manta da zaɓen 1959 ba. Wasu 'yan banga suka zo maka da rana tsaka, suna son sanduna kaɗan na nakiya, za su sa a ƙarƙashin motar da ke kai abokan hamayyarsu taro. Makullin ɗakin ajiya yana rataye a wuyanka. Ka cire shi a gabansu ka jefa a rijiyar gidanka. Suka rufe ka da duka da gora da sarƙar keke a gaban matarka Liatu, suka karya maka haƙarƙari, suka fasa maka leɓe. Da na iske ka a asibiti, numfashi ma da ƙyar kake yi, abin da ka fara tambaya shi ne ko motar ta isa lafiya. Mutanen da ke cikinta har yau ba su san sunanka ba.

Sai wannan Talatar. Wata dattijuwa mai suna Kubura, daga cikin gari kusa da Ƙofar Wunti, ta zo ofishinmu ta ce jikokinta sun yi ta fama da ciwon kai, kuma wani wari yana fitowa daga ɗakin da wani ɗan kwangila ya ajiye kaya ya yi tafiyarsa tun bara. Na ɗauka mushe ne. Da aka ɓalle ƙofar na ga akwatuna biyu na katako, gindinsu ya jiƙe da wani mai, rufin kwano kuma ya mai da ɗakin kamar tanda. Na aika aka kira ka.

Ka leƙa sau ɗaya, ka ja da baya a hankali, ka tuɓe takalmanka. Ban taɓa ganin fuskarka haka ba.

"Malam, nakiya ce, kuma ta yi gumi," ka ce. "Man ya rabu da garin. Ko ƙyaure aka buga da ƙarfi, unguwar nan ta tashi. Ka fitar da kowa, kada a yi gudu, kada a yi ihu."

Na ce mu jira a sanar da hukuma, a turo ma'aikata daga Jos. Ka dubi rana, ka ce zafin azahar ba zai jira kowa ba.

Muka kwashe mutane. Ka shimfiɗa dusar katako a kwando, ka ɗora akwatin farko a kai, ka ɗauka a ka. Muna tsaye daga nesa muna kallonka kana tafiya kamar mai ɗauke da jariri mai barci, ka fita ƙofar gari, ka nufi duwatsun hanyar Gubi. Can ka baza nakiyar a kan busasshiyar ciyawa ka ƙone ta. Da muka hango hayaƙi ba ƙara, mata suka fara guɗa, ka ɗaga hannu daga nesa ka hana su.

Ka dawo jiƙe da gumi, kanka yana sarawa saboda warin. Kubura ta miƙa maka ruwa a moɗa ta ce, "Ɗana, ka huta mana." Ka ce, "Inna, in na zauna tsoro zai kama ni." Na ce bari in kama maka na biyun. Ka ce mutum biyu ba sa taku ɗaya, in tsaya inda nake.

Ka wuce gidaje, ka wuce masu sayar da itace, ka wuce ganuwa. Ka yi nisa har ka zama ɗan ɗigo a tsakanin duwatsu. Ba mu san ko tuntuɓe ka yi ba, ko gindin akwatin ne ya ɓalle. Haske muka gani fari fat, sannan ƙarar ta jefar da mu ƙasa, tsakuwa ta yi ta zubo mana kamar ƙanƙara. Da muka isa, rami ne kawai da ƙasa baƙa, da wata bishiyar ɗorawa da ta tsage biyu tana hayaƙi. Muka bazu muna tsinta, ni da Hammawa da ya sheƙo daga Tirwun da mutanen cocinku. Ko akuya ba ta mutu a cikin gari ba. Kai kaɗai ne.

Washegari aka yi jana'izarka. Musulmin unguwar Kubura suka cika harabar cocin har bakin hanya. Da muka ɗaga akwatin gawarka, sai muka ji ba shi da nauyi. Liatu ta dafa shi, ta dube ni ta ce, "Malam, jikokin Kubura, ciwon kan ya sake su?" Na ce ya sake su. Ta ce, "To, ku kai shi."

Allah Ya jiƙanka, Obadiya, Ya yi maka sakayya da abin da ya fi wanda ka yi mana, Ya sa ka huta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Liatu, da Dorcas, da ƙaramin ɗanka Andrawus, da tsohuwar mahaifiyarka a Bogoro, wadda wannan ne karo na biyu da aka kai mata irin wannan labari. Allah Ya ba su haƙurin da mu ba mu da kalmar da za ta ba su, Ya raya marayu, Ya tsare su daga wuta ta duniya da ta lahira. Mu kuma da ka bari a tsaye, Allah Ya sa mu cika da kyau. Amin.