Darasin Da Na Yi Wa Allo

Har yau in na wuce makarantar 'yan matan da na koyar a Kaura Namoda, sai na rage tafiya. Ina kewar ƙurar alli a mayafina, da surutun yaran nan da ba ya ƙarewa.

Ni ke koyar da kiwon lafiya. A littafin akwai babin cututtukan da ake ɗauka ta hanyar jima'i: ciwon sanyi, tunjere, ƙanjamau. Malaman da suka gabace ni tsallake shi suke yi, su ce a karanta a gida. Wane gida? Ni kuwa bakina ba ya shiru, duk shekara sai na koyar da shi.

Sai shekarar da 'yata ta fari ta faɗo ajina. Kakarta ce ta rene ta a Shinkafi. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta zama hira da ita, balle irin wannan magana. Wata malama ta ce in bar mata babin, amma na san tsallakewa za ta yi. Kakar ba za ta faɗa mata ba, ni ma a gida ba zan iya ba. In ba a ajin nan ba, ba inda yarinyar za ta ji.

Ranar na juya wa aji baya, na yi wa allo darasi. Na faɗi yadda ake kamuwa, da kame kai, da haɗarin aska ɗaya ga mutane da yawa. Na ce mai cutar yakan yi ƙiba da kyan gani, ido ba ya ganewa, sai gwajin jini. Da na waiga, 'yar tawa ta cusa kai cikin hijabi, ta kifa a benci. Na fita raina a ɓace, ban san ko kalma ɗaya ta shiga kunnenta ba, kuma ba halin tambaya.

Shekaru suka wuce, aurenta ya taso da wani ɗan dangi daga Gurbin Bore. Ina tsakar gida a Shinkafi ina tsince wake, na ji kakar a ɗaki tana yi wa yarinyar faɗa.

"Gwajin mi? Yaron ga mun san shi tun yana goye. Ki dube shi, lahiya lau!"

"Kaka, ido ba ya ganewa. In ba a yi ba, kar a sa rana."

"Wa ya koya miki wagga rashin kunya?"

"Malamarmu tac ce."

Ban ɗaga kai ba. Na ci gaba da tsintar wake, amma hawaye sun hana ni ganin tsakuwar.