Fuskar da ke lungun bangon mujalla

Ina zaune a shagon hoto a Limawa, sai ga wata tsohuwa daga Miga da bangon tsohuwar mujallar fim a leda.

Fuskar wata jaruma ta cika bangon. Can ƙasa a lungu, ga kan wani saurayi kamar ƙwayar gyaɗa.

Ta ce wa mai shagon, "Wannan za ka ƙara wa girma. Ɗana ne, ya rasu. Ba ni da wani hotonsa."

Ya gwada, fuskar ta dagule, ko ido ba a ganewa.

"Iya, wallahi ba zai fito ba."

Ta daɗe tana kallon jarumar, sannan ta ce, "Da sun ɗan rage wannan, ai da ya samu wuri."

Da ku ne, me za ku ce mata?