Akwatin da Ya Zagaya Masallaci

Sunansa na yanka ya ɓace tun yana aiki a baitulmalin gwamnati. Kowa Ma'aji yake ce masa, har matarsa idan tana jin tsokana. A ofis, aikinsa shi ne riƙe mukulli na biyu na ɗakin ajiya. Ƙofar ba ta buɗuwa sai an haɗa nasa da na shugabansa, saboda haka ya saba ganin manya a tsaye suna duba agogo, shi kuma yana tahowa a natse yana juya mukulli a yatsa. Bai taɓa cin ko sisi ba. Abin da ya ci a wurin, ya kuma yi masa daɗi, jiran da ake yi masa ne.

Da ya yi ritaya, 'yan unguwa suka damƙa masa asusun masallaci, wani tsohon akwatin ƙarfe da ke kusurwar sahun baya, wanda sai ƙarti sun haɗu suke iya ɗaga shi. Ranar da ya karɓi mukullin ya yi wa jama'a lacca: akwai baitulmalin gwamnati da ake cikawa da haraji, akwai na banki da ke riƙe amanar mutane, akwai na Allah da ake cikawa da sadaka. Amma dokarsu ɗaya ce, in ji shi: kuɗi ya shiga ya zauna lafiya. Liman ya tuna masa cewa na Allah don a kashe ake tara shi. Ma'aji ya ce za a duba.

Ana cikin dubawa damina ta shigo, rufin kwano ya fara yoyo. Aka jera bokitai tsakanin sahu, ladan ya koma kiran salla da lema a hammata. Kafintan unguwar, wanda ƙanin matar Ma'aji ne, ya yi ta zarya kan a fitar da kuɗin gyara, kullum amsar ita ce ba a yi tanadin wannan ba a bana. Jama'a suka fara guna-guni, har aka sa ranar zama don a karɓe mukullin a bai wa mai kantin bakin titi.

Kafinta ya kai ƙara wurin yayarsa. Tana tsintar shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce mijinta ba marowaci ba ne, tsoro yake ji akwatin ya zama fanko a daina tsayawa gaishe shi. In aka ƙwace mukullin nan kuwa, ita za a bari da jinya.

Sai wata safiya yoyon ya sauka a kan akwatin kansa. Ma'aji ya ga ruwa kwance a murfin, tsatsa ta fara leƙowa, nan take ya sa aka nemo kafinta.

"Gyara nan kawai, daidai saman akwatin. Kada ka wuce."

"To Yaya, sahun gaba fa?"

"Mutum yana bushewa, ƙarfe ba ya bushewa."

Kafinta ya liƙe wurin, ya sauko daga tsani yana murmushi. Washegari, da Ma'aji ya tafi barcin rana, kafinta da ladan da wasu ƙarti suka ja akwatin zuwa ƙarƙashin wani yoyon. Da la'asar Liman ya tare Ma'aji da fuskar jimami, ya ce an matsar da akwatin don shara, ga shi ruwa ya sake samunsa. Ma'aji ya dubi akwatin, ya dubi sawun jan da ya bari a siminti, ya dubi Liman. Ya ce a ba shi lokaci ya yi nazari. Sai da suka raka shi har ƙofar gida suna ba shi baki, sannan ya amince a liƙe nan ma.

Haka akwatin ya yi ta yawo, yau gefen taga, gobe kusa da mumbari. Kowace ƙaura sai an je an roƙe shi, ya ja aji, ya tambayi farashin ƙusa, sannan ya buɗe. Matarsa ta lura ya ƙara cin abinci, har barcin ranar ya fara tsawaitawa don kada ya katse wa masu jan akwati aiki.

Kafin ranar zaman rufi ya gyaru kaf, bokitai suka koma gidajen masu su, babu wanda ya sake tayar da maganar mai kanti. Akwatin kuwa ya yi sauƙin da ladan shi kaɗai ke iya tura shi. Ma'aji ya tsaya a bakin ƙofa bayan salla yana tsare masu hali ɗaya bayan ɗaya, yana tuna musu ladan sadaka. Da ya hango kafinta zai wuce, ya yafito shi, ya rage murya.

"Na ga tagogin ɓangaren mata sun karye. In asusu ya ɗan farfaɗo, ina ganin can ma za a buƙaci shara."