Kwaɗo a Ƙofar Ɗakin Haihuwa

Jiya na wuce sabon ɗakin haihuwar ƙauyenmu. Fenti sai sheƙi yake, amma kwaɗo ne a ƙofa, ba ma'aikaciya ko ɗaya. Sai na tuna Gwaggo, ungozomarmu, mai ƙulle sabuwar reza a bakin zane, hannunta kullum ƙamshin sabulun salo.

A haihuwata ta fari jini ya ƙi tsayawa. Ta rungume ni bisa babur har asibitin Kankara, tana cewa, "Ɗiyata, wannan ya fi ƙarfina, na likita ne."

Ita ba ta sake ni ba. Su kuwa manya hoto suka ɗauka, suka tafi.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sa a buɗe ƙofar nan kafin naƙudar ƙanwata ta tashi.