Na Gaba da Na Baya

Sai da furfura ta fara fito mini a gemu na koyi haɗa baƙi da wasali, a wurin wani tsohon malami a Barrokinya, wata unguwa a nan birnin Bahiya. Hannuna ba shi da sauri, amma ina so in ajiye labarin mutum biyu da suka yi aiki a ƙarƙashina tun ina iya tuna shi daidai.

A shekarun nan ni ne shugaban 'yan dako a wata kusurwar titi a garin ƙasa, wato ɓangaren birnin da ke gindin tudu, kusa da ɗakunan ajiyar kaya na bakin teku. Yawancinmu Yarabawa ne, Hausawa kaɗan muka rage a Bahiya. Wasu sun 'yantu kamar ni, wasu bayi ne da iyayengijinsu suka sako su nemi aiki a titi. Muna ɗaukar buhuna da ganguna mu hau tudu da su zuwa garin sama, muna kuma ɗaukar mutane a kujera. Kujerar tana da labule ta kowane gefe, an rataye ta a jikin doguwar sanda. Mutum ɗaya ya sa kafaɗa ta gaba, ɗaya ta baya.

Mutanen nan biyu kujera ɗaya suke ɗauka, dukansu Hausawa, dukansu bayi. Zan kira su yadda muke kiran su a wurin aiki: na gaba da na baya.

Na baya ba ya magana sai dole, ba ya kuma kallon idon mutum. In ka gaishe shi sai ya dubi ƙafarka ya ce "lafiya", shi ke nan, ba zai tambayi naka gidan ba. In muna jiran aiki, muna saƙa malafa muna hira, yana can ƙarshen dakali, kullum wuri ɗaya, yana murza guntun igiya a yatsunsa. In ƙararrawar coci ta buga sai ya danne kunne da kafaɗa. Mun ɗauka kunya ce, har muna yabonsa. Turawa kuwa suna son bawa mai sunkuyar da kai, ba wanda ya taɓa kawo ƙararsa.

Na gaba ba ya iya wuce mutum bai gaishe shi ba, gaisuwar kuma ba ta ƙarewa. Zai matso har ka ji numfashinsa, ya kafe ka da ido, ya fara: ina kwana, ina gajiya, ya aiki, ya mai ɗaki, ya ƙafarta da ta kumbura ran Talata, ya babban yaro, ya mai bi masa. Bai taɓa manta ɗan kowa ba, ko ciwon kowa, ko ranar da ciwon ya fara. Amma fuskar mutum ba ta gaya masa komai. Ko sauri kake yi, ko fushi, ko kuka, sai ya kai ƙarshen abin da ya ɗauko.

Mutanenmu suna tsokanar sa.

"Kai aku, ka gaida jakin can kuwa? Tun safe yake jiran ka."

"Na gaishe shi," in ji shi, ba wasa a muryarsa. "Bai amsa ba. Halin Yaya gare shi."

Kowa ya fashe da dariya, shi kuma yana bin mu da ido ɗaya bayan ɗaya. "Me aka ce? Baba, me aka ce?" Ni yake kira Baba, na baya kuma Yaya, don ya girme shi.

A lokacin ana ta sayar da bayi zuwa kudu, gonakin kofi, wanda aka kai kuwa ba ya dawowa. Uwargijiyar na gaba tsohuwa ce da mijinta ya mutu. Sau biyu aka kai mata ƙara cewa bawanta yana tsare Turawa da ido yana yi musu tambayoyin da ba su shafe shi ba. Ta aiko aka kira ni, ta ce in aka ƙara na uku, jirgi za ta sa shi.

Na zaunar da shi na ce, "Ka ji ni da kyau. Bature gaisuwa ɗaya ake yi masa. Ka duƙar da kai, ka wuce."

"In ɗansa ba lafiya fa?"

"Ko da duk gidan ne ba lafiya."

"Baba, ai wannan rashin ladabi ne."

"Ladabin garin nan ke nan."

Ya yi ta maimaitawa, ɗaya, in duƙa, in wuce. Ya riƙe kwana biyu. A na uku na same shi ya tare wani mai shago yana tambayar sa tarin matarsa.

Akwai kuma abin da yake damuna. Duk sanda ba aiki, na gaba zai je ya zauna jikin na baya ya buɗe baki: jirgin da ya shigo jiya, wanda ya fita, mai jan bututun hayaƙi, kayan da aka sauke. Tun hantsi har azahar. Na baya ba ya cewa uffan, igiyarsa kawai yake murzawa. Na riƙa jin tausayinsa. Mutumin da ƙararrawa ke firgita shi, ga wannan a kunnensa kullum. Sai na yi dabarar da na ɗauka za ta gyara duka biyun. Na ba na gaba wani Bayarabe ƙaƙƙarfa mai tsawa ya riƙe masa baya, ko ya ji tsoronsa. Na baya kuma na mayar da shi ɗaukar buhu, aikin da mutum ke yi shi kaɗai. Ban shawarci ko ɗayansu ba.

Da safen da na faɗa, na baya ya tsaya jikin kujerar, hannunsa a kan sanda, ya daɗe bai motsa ba.

"Je ka mana," na ce. "Ai hutar da kai na yi."

Ya tafi.

Ba a cika wata ba abin ya faru. Akwai matar wani ɗan kasuwa da ta saba hawa kujerarsu zuwa coci a garin sama, da 'yarta ƙarama a cinya. Zazzaɓi ya ɗauke yarinyar. Ranar da matar ta fara fitowa bayan rasuwar, cikin baƙaƙen kaya, mijinta yana tafe a gefe, kujerar na gaba ta hau. Ba na wurin, Bayaraben ne ya dawo a guje ya ba ni labari.

Suna tsakiyar hawa, gaban shaguna, mutane cike, sai na gaba ya tsaya ya sauke sanda ba tare da ya ce komai ba. Kujerar ta karkata, saura kaɗan matar ta faɗo. Ya zagayo ya ɗaga labule, abin da ko ɗa ba ya yi wa matar Bature a titi, balle bawa. Ya durƙusa ya dubi idonta, ya yi mata gaisuwar da muke yi wa wanda aka yi wa rasuwa, ya juya ta da harshensu yadda ya iya: ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri. Daga nan ya shiga tuna mata yarinyar, takalminta ruwan ɗorawa, ranar da ta miƙo masa lemo, ranar da ya fara jin tarinta. Matar ta ƙwalla ƙara. Mijin ya rufe shi da duka da sandar hannunsa. Bayaraben ya ce shi ma ya yi ta yi wa na gaba tsawa, amma bai ko waiwayo ba. Ana dukan sa yana ci gaba, don bai gama ba. 'Yan sanda suka tafi da shi.

Na je wurin tsohuwar na durƙusa. Na ce mata a wurinmu wanda ya ga mai makoki ya wuce bai gaishe shi ba, ba a ƙara kallon sa mutum. Na ce ba raini ba ne, yarinyar ce ta tsaya masa a rai. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Nan ba ƙasarku ba ce. Na riga na yi magana da dillalin bayi."

Sun bar ni na gan shi sau ɗaya a inda aka tsare shi. Fuskarsa ta kumbura, ido ɗaya a rufe. Ya gaishe ni tun daga farko har ƙarshe, ni kuma ranar ban katse shi ba. Da ya gama ya ce, "Baba, ba ta amsa ba. Ko ban faɗa daidai ba ne?"

"Daidai ka faɗa."

"To ya Yaya? Yana cin abinci? Ba ya iya zuwa wurin mai ƙosai, ni nake karɓo masa. Kada a sa masa yaji. Kuma a ajiye masa a gefe, kada a miƙa masa a hannu."

Shekara nawa muna wuri ɗaya, ban san wannan ba.

Kwana uku bayan tashin jirgin da ya tafi da na gaba kudu, na sayo ƙosai na ajiye a gefen na baya a kan dakali. Ya rame. Zan tashi ke nan na ji ya yi magana, idonsa a ƙasa.

"Sau biyu nake bugawa."

"Buga me?"

"Sanda. In na ga zai tsaya gaisuwa. Yana ji a kafaɗa, sai ya wuce."

"Tun yaushe?"

"Tun farko."

Nan na tuna ƙararrakin nan biyu da aka kai wa tsohuwar. Duka ranakun da na aike shi shi kaɗai ne. Da kujera a kafaɗa bai taɓa tare kowa ba.

"Surutunsa fa? Bai dame ka ba?"

"In yana yi, ba mai yi mini magana."

"Don me ba ka gaya mini ba?"

Yana murza igiya ya ce, "Ba ka tambaya ba, Baba."

Washegari na zo na zauna jikinsa, na ce bari in yi masa hirar jirage ko mutane su ƙyale shi. Na faɗi wanda ya shigo da safe, na faɗi kayan da aka sauke, sai magana ta ƙare mini. Ban san sauran ba, ban taɓa lura ba. Muna zaune sai wani ya ɗago kai daga saƙarsa ya ce, "Kurma, ina akunka?" Na yi wa mutumin tsawa, amma na baya ya riga ya tashi. Ya je ya ɗauki buhu, duk da ba layinsa ba ne, ya kama hawa.

Na yi shekaru ina tambayar masu aikin jiragen da ke dawowa daga kudu ko sun taɓa gamuwa da wani Bahaushe mai yawan gaisuwa. Ba wanda ya gan shi.